Muryar Malam Lawal a Sanarwar Ƙarfe Biyu

Cikin duk ranakun da na yi a gidan rediyo, Talatar da mamaci ya buɗe mana sanarwar rasuwa ita ce ba ta taɓa barin raina ba. Tunda kun ce in ba ku labarin kafin in miƙa makullan sashe, zan ba ku shi daki-daki, kuma ba na son a katse ni.

A lokacin ni ne shugaban sashen na'urori. Ana ce mini Injiniya, amma ban yi jami'a ba. Gyaran rediyo na koya a wata rumfa a Babbar Kasuwa, daga baya na yi kwas na makarantar fasaha. Abin da na iya shi ne tsari. Kowace waya tana da lamba, kowace matsala tana shiga littafin aiki da lokacinta da sunan wanda ke bakin aiki.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗakin watsa shiri kashi biyu ne, gilashi a tsakani. Mai karatu yana gefe ɗaya da makirfo. Mai kula da sauti yana ɗaya gefen da kwamfuta, shi ke ɗaga murya ya sauke, shi ke sa taken shiri. A manhajar da muke aiki da ita, in ka danna maɓallin dama na linzami, wato maus, jerin umarni zai fito ka zaɓi abin da kake so. Wannan kowa ya sani.

Shekaru masu yawa Malam Lawal ne ke karanta sanarwar rasuwa da ƙarfe biyu na rana, Malam Isyaku na kula masa da sauti. Tare suka shigo aiki, tare suke cin tuwo, gidajensu a Ƙofar Marusa katanga ɗaya ce ta raba. Mutanen gari sun saba, in suka ji muryar Malam Lawal sai a yi tsit a shago a ji ko wa aka rasa. Da ciwon maƙogwaro ya ɗauke shi, aka ba Binta karatun, Malam Isyaku ya ci gaba da zama a kujerarsa. Saura masa wata bakwai ya yi ritaya.

Karo na farko ranar Alhamis ne, kwana goma sha ɗaya da rasuwar. Ba a kan iska muke ba. Malam Isyaku na shirya taken shiri, sai lasifikar ɗakin ta ce: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ana sanar da rasuwar..." Sai shiru. Ya zo ofishina ya tsaya a bakin ƙofa.

"Injiniya, Lawal ya yi magana."

Na ce, "Malam, ka danna tsohon shiri ne bisa kuskure. Je ka sha ruwa."

Ban rubuta a littafi ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Karo na biyu ita ce Talatar. Ƙarfe biyu da minti ɗaya, Binta ta ɗauki takarda, ta buɗe baki, muryar Malam Lawal ta riga ta. A kan iska. Duk Katsina ta ji. "Ana sanar da rasuwar..." ya tsaya daidai inda suna ke zuwa. Binta ta saki takardar. Ina tsaye a baranda ina jin rediyon mai gadi, na ji shirun nan yana tafiya, ba taken shiri, ba tari, ba komai, kamar an bar wa kowa wuri ya sa sunan da yake tsoro. Daga baya na auna a rikodin, daƙiƙa goma sha huɗu ne. A ranar kam na ɗauka minti biyar ne.

Kafin la'asar wayar ofis ta yi zafi. Babbar 'yar marigayin ta kira tana kuka, ta ce mahaifiyarsu na wanke-wanke ta ji muryar, kwano ya faɗi daga hannunta, har yanzu ba ta ce uffan ba. Manaja ya kira mu ni da Malam Isyaku.

"Malam, da girmanka? Wa ya ce ka sa muryar mamaci?"

"Ranka ya daɗe, ban sa ba."

"To wa ya sa? Ni?"

Manaja ya ba Malam Isyaku takardar tuhuma, ya ce in har zuwa Juma'a ba a kawo bayani mai kama hankali ba, za a cire shi daga ɗakin watsa shiri, a rubuta a fayil ɗinsa cewa ya yi wasa da iska. Mutumin da bai taɓa karɓar takarda ko ɗaya ba, zai fita da wannan a bayansa.

Na fara bincike kamar yadda na saba. Na farko, na duba jerin shirye-shiryen ranar, babu muryar Malam Lawal a ciki. Na biyu, na duba ko wani ya shigo kwamfutar daga waje, babu. Na uku, na cire linzamin na sa sabo, ko maɓallin ya lalace. Na huɗu, na zauna da kaina na danna maɓallin dama har yatsana ya gaji. Jerin umarni ke fitowa, lafiya ƙalau. Na sa mai aikin safe ya gwada, haka. Na sa Binta, ta ce ita wallahi ba ta taɓa wannan kujerar ko da za a kore ta.

Ranar Laraba ma'aikata suka fara raɗe-raɗi. Direbanmu ya ce a wurin cin abinci: "Ku ba ku gane ba? Sunan da ya bari, ai shina jiran mai shi ne. Wa na'urar ke yi wa magana in ba mutum ɗaya ba?" Na ce masa in na sake jin wannan zancen, shi ma zai ga takarda. Amma magana ta riga ta fita. Mutane suka riƙa gaida Malam Isyaku da wata irin ladabi, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Wani ya kawo ruwan tofi a gora ya ajiye bayan ƙofa. Na ɗauke shi, saboda ruwa ba ya shiga ɗakin na'ura, ko na wane ne.

Da azahar na tarar da Malam Isyaku yana kwashe kayan durowarsa cikin leda.

"Ina zuwa, Malam? Juma'a ba ta yi ba."

"Injiniya, bar wahalar da kanka. Mun yi da shi tun muna samari, duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ba zai daɗe ba. Wasa muke, amma ka ga ya tuna."

Fuskarsa ba tsoro a kai. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na ce masa ya mayar da kayan, gobe zai zauna a kujerarsa ya yi aiki kamar kullum, ni kuma ina bayansa.

Ranar Alhamis da hantsi na cire wayar da ke kai sauti kan iska, na rufe ƙofa, na ja kujera. Mu biyu ne kawai. Na ce ya shirya taken ƙarfe biyu. Ya yi bisimilla, ya ɗora hannu. Ya danna sau ɗaya, jeri ya fito. Sau biyu, jeri ya fito. A na uku ɗakin ya cika da murya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na kalli kujerar da ke bayan gilashi. Babu kowa a kanta, makirfo na rataye, hular sanyin da marigayin ke bari a kan ƙusa tana nan ba wanda ya cire. Malam Isyaku ya ce a hankali, "Na'am, Lawal." Na ce masa, "Sake."

Wannan karon ban kalli allo ba. Hannunsa na kalla.

Carbi ne naɗe a hannun damansa, baƙi, ƙanana, ya zagaya wuyan hannu ya biyo ta tafin. Yatsa na tsakiya na kan maɓalli, babban yatsa kuma na jan ƙwayar carbi, leɓensa na motsi. Duk sanda ya ja ƙwaya, linzamin sai ya zame ƙasa kaɗan. In jan ya zo daidai da dannawa, linzamin na tafiya ƙasa maɓallin na danne.

"Malam, tun yaushe kake riƙe carbi a bakin aiki?"

"Tun ranar da muka rufe shi. Na ɗauki alkawarin yi mashi ƙulhuwallahu kullum har arba'in. Lokaci ba ya isa, sai nake haɗawa da aiki."

Na ce ya tashi. Na danna maɓallin dama, ban saki ba, na ja linzamin ƙasa. Malam Lawal ya yi magana a ƙarƙashin hannuna.

Ga bayanin. Manhajar tana da wani abu da ban taɓa buɗewa ba, wato umarni ta jan linzami. In ka danna maɓallin dama ka saki, jeri ya fito. In ka danna ka ja gefe ko ƙasa, sai ta ɗauka alama ka zana mata, ta aikata abin da aka ɗaura wa wannan alamar. Aiki biyu a maɓalli ɗaya, bambancinsu bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. Na shiga wurin saiti na ga alama ɗaya tak aka ɗaura: ja ƙasa, sa fayil mai suna "buɗewa". Kuma duk wannan a ƙarƙashin sunan Malam Lawal, wanda yake shiga kwamfutar da shi, take aiki. Dokata ce da kaina cewa in ma'aikaci ya bar aiki a rufe sunansa a buɗe sabo. Ban rufe nasa ba, saboda duk taken shirye-shirye a nan aka jera su, na yi ƙyuyar sake jerawa. Kuskurena na biyu ke nan, kuma shi ne babba.

Kusa da fayil ɗin akwai wani mai tsawo, wanda aka yanko shi daga ciki. An ɗauke shi kwana tara kafin a kwantar da marigayin a asibiti. Muka saurara. Sau shida yana fara salatin tari na katse shi. A na bakwai ya kai ƙarshe. Sai ya yi numfashi ya ce, shi kaɗai a ɗaki, "To, wannan ta isa. Kada Isyaku ya ji, ya hana ni zuwa aiki."

Ashe da muryar ta fara gaza masa ne ya naɗi buɗewar, ya ɗaura ta a kan alamar, don ya riƙa sa ta maimakon ya faɗa da baki. Malam Isyaku ya ce, "Shi ya sa ya ce in bar mashi Asabar da Lahadi shi kaɗai. Munafukin tsoho." Ya share ido da hannun da ke da carbin.

Na je wurin Manaja da littafin aiki, na rubuta komai har da laifina. Ya karanta ya ce, "Shi ke nan, a hana shiga ɗakin da carbi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba carbi ne ya yi laifi ba. Gobe wani zai zo hannunsa na rawa, jibi tebur ya karkace. Na'urar za mu gyara."

Na nuna masa. Manhajar ta bar wa mutum ya zaɓi abin da zai buɗe jeri da abin da zai tayar da alama. Na bar jeri a maɓallin dama, inda hannun kowa ya saba. Alama kuwa na mayar da ita sai an riƙe maɓallin Kontirol na allon rubutu da hannun hagu kafin ta yi aiki. Hannu biyu ba sa yin kuskure ɗaya tare. Na cire fayil ɗin daga kwamfutar da ke kan iska, na mayar da shi ta ɗakin tace sauti, na rufe sunan marigayin. Manaja ya yaga takardar Malam Isyaku a gabana, ya rubuta mini tawa. Na karɓa, don ta dace. Da yamma muka je Ƙofar Marusa mu uku muka ba iyalin haƙuri.

Malam Isyaku ya cika arba'in ɗinsa da carbi a hannu, ya cika wata bakwai ɗinsa, fayil ɗinsa fari tas. Ranar da zai tafi ya ja ni gefe ya ce in tasa ta zo, Lawal ya buɗe masa sanarwa. Na ce doka ba ta bari ba. Ya ce, "Kai dai da dokarka."

Bara aka kawo takardar rasuwarsa cikin na ƙarfe biyu. Binta ta karanta a kan iska kamar na kowa. Da ta gama na shiga ɗakin tace sauti na rufe ƙofa, na tabbatar ba wayar da ke fita waje. Na riƙe Kontirol da hagu, na ja linzami ƙasa. Malam Lawal ya yi salati, ya ce ana sanar da rasuwar, ya tsaya. Ni na faɗi sunan.

Ku da za ku riƙe sashen nan, in mutum ya zo ya ce na'ura ta yi abin da ba ya yiwuwa, ku rubuta, ko da kun ga wauta ce. Kada ku tsaya a kallon allo. Ku ja kujera ku zauna bayansa, ku kalli hannunsa, ku ga abin da yake riƙe da shi. Ga makullan.