Cokalin da Ya Tona Faifan Birki

Har in koma ga Allah ba zan manta da ƙarar cokalin nan ba. Ina tsince shinkafa a gidanmu na Samaru na jiyo ta daga falo: ƙal, sannan kwaf. Da na leƙa, sai ga autata tana kiɗa a kan wasu ƙarafa biyu da babansu ya jingine bayan ƙofa.

Faifan birki ne. Na motarmu ya cinye, ga tafiya Funtuwa da yara a gabanmu, shi ne ya karɓo iri biyu na Beljiyam, wato na gwanjo, a wani shago a Sabon Gari don ya zaɓa. Ɗaya duk huji kamar rariya, ɗayan kuma layuka ne aka sassaƙa masa.

"Mai hujin zan ɗauka," in ji shi. "Ya fi shan iska, ruwa ba ya kwanta masa. Mai layin cinye takalmin birki yake da wuri."

"Malam, shi ne fa mai cewa kwaf."

"To, yaushe kika buɗe gareji?"

Ni dai innata ta koya mini kada in sayi tukunyar ƙasa sai na ƙwanƙwasa, don mai tsaga muryarta a dishe take. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na yi ta magiya har ya ce in ɗauko mayafi mu koma shagon da faifan, autar ma ta biyo mu.

Mai shagon ya tarbe mu da fara'a. "Madam, wannan daga jirgi sai shagona." Na roƙi kananzir da tsumma, na goge gefen hujin. Baƙin fenti ya biyo tsumman, sai ga tsaga siririya kamar gashi, daga wannan huji zuwa wancan. Malam ya juya ya kalli 'yarsa.

Mutumin ya rantse haka ya samo shi. Amma idona ya riga ya faɗa kan gwangwanin baƙin fenti ƙarƙashin bencinsa. Har yau ban san gaskiyar ba, na bar shi da Allah. Masu layin muka ɗauka.

Tun ranar na gane duk abin da za ka ɗora wa ran 'ya'yanka, kada kunya ta hana ka bincika shi. A shagon, ana miƙo mana masu layin, yarinyar ta zaro cokalin daga aljihun rigarta ta ce, "Baba, tsaya tukuna. Umma ba ta ji muryarsu ba."