Shirun Mai Ƙosai

A cocinsu na Barnawa, in aka ce Istifanus ne zai rufe taro da addu'a, masu jin yunwa sai su yi ajiyar zuciya. Shi kuwa alfaharinsa ke nan. Ya taɓa sa wa tuwo albarka har miyar ta huce.

Yau da safe ga shi tsaye bakin titi yana jiran ƙosai. Mai suyar wata siririyar tsohuwa ce, ɗaure da zanen Zumuntar Mata da ya koɗe har rubutunsa ya ɓace. Bayan hannunta duk tabon mai ne. Ƙila gwauruwa ce, ƙila jikoki take riƙo. Leɓɓanta na motsi, ya ɗauka hayaƙi take yi wa mita.

Ya matsa kusa. "Baba," take cewa, "gwiwar nan ta tashi yau ma. Na dai gaya maka." Ashe da Uba na sama take hira.

Sai ta yi shiru, ta karkata kai, kamar mai sauraron maƙwabci ta bayan katanga.

Istifanus ya gyara murya. "Mama, ko in sa gwiwar a addu'a?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Dakata, ɗana. Yanzu shi ke magana."

Shekara ashirin Istifanus yana yi wa Ubangiji jawabi, bai taɓa tunanin Ubangijin ma yana da abin cewa ba. Ya buɗe baki zai ce amin, sai ya rufe.