Kuɗin Kamfani da Jakar Yaya

Shekarun da na yi ina riƙe da kuɗin wani kamfanin hatsi a Jibiya ban sayi mota ba, ban ɗora bene ba, amma wallahi barcina nake sha har da minshari. Aikin ba wuya. Ranar Alhamis manaja ya aiko da kuɗi daga Katsina, in kulle su a sef. Ranar Lahadi manoman Bugaje da Farfaru su kawo wake da gero, in biya su.

To, tsakanin Alhamis da Lahadin nan ake cin kasuwar da ba a faɗa. Juyi ake ce mata. Ka miƙa wa ɗan canji nairar kamfani, ya tsallaka Maraɗi ya yi ta saye da sayar da sefa, ya dawo maka da uwar kuɗi da 'yar riba kafin manoma su iso. Kamfani bai sani ba, wai kuma bai rasa ko kwabo ba.

Yayan matata ɗan canji ne a bakin iyaka, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Wata shekara da naira ke ta gangarowa, ya same ni ofis.

"Malam, bar kuɗin nan su miƙe ƙafa mana. Me suke yi a sef, itikafi?"

Na ce, "Yaya, ba nawa ba ne."

"Wa ya ce naka ne? Aro ne, kafin Lahadi sun dawo."

Na tura masa wayata. "Mai ba da aron yana Katsina. Mu tambaye shi."

Kai! Ya miƙe ya kaɗe riga ya fita. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidana, ko sunan 'yata bai zo ba. Matata ta yi kuka har ta gaji. Masu juyi kuwa suka yi ta sayen babura suna wuce ni ina tafe a ƙasa. Na ji haushi ƙwarai, musamman da na ga ba wanda asirinsa ya tonu.

Bayan shekaru ciwo ya kama Yaya, aka ce sai an yi masa aiki a Kano. Ranar tafiyar da safe sai ga sallamarsa a zaurena, ya rame, yana rungume da jakar sefa ɗaure da igiya.

"Ajiye mini. In ban dawo ba, kuɗin na yarana ne."

Bakina bai iya shiru ba. "Haba Yaya, ga abokanka cike da bakin iyaka?"

"Su? Kafin in kai Katsina sun juya su."

Allah ya ba shi lafiya, ya dawo. Na miƙa masa jakarsa da ƙullin da ya yi da hannunsa. Ko dubawa bai yi ba, ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya ƙwala wa ƙanwarsa kira ya ce ina tuwo.