An haɗe kamfanin da wani, wasiƙar Baba tana hanya

"Ai mun tura wa mahaifinka saƙon waya har sau biyu," in ji matar da ta ɗauki waya a ofishin kamfanin a Legas.

Ina tsaye a tashar motar Azare take faɗa min haka. Tun daga unguwar Bolori a Maiduguri na taso, na wuce shingayen sojoji ba adadi, don kawai in samu sabis. Lokacin an rufe mana layukan waya a Borno.

Baba tsohon malamin makaranta ne, ya daɗe da hannun jari a kamfanin nan. Wasiƙar gayyatar babban taron shekara ta iso mana mako uku bayan an watse. A taron aka kaɗa ƙuri'a, aka haɗe kamfanin da wani, ba wanda ya ji ta bakinsa.

Na ce, "Madam, wace wayar? Garinmu ko kira ba ya shiga."

"Mun buga a jarida kuma."

"Motar jaridar ta daina zuwa mana."

Ta ce, "Oga, mu dai mun cika ƙa'ida. Wanda bai ce a'a ba, a wurinmu ya amince."

Wallahi saura kaɗan in buga wayar da ƙasa.

Da na koma gida na faɗa wa Baba, sai ya ninke wasiƙar ya ce, "Ashe na amince? Gara da ka je, da ban sani ba."

Jama'a, ku faɗa min: wanda aka toshe wa baki, shirunsa amincewa ne?