Kwana Goma Sha Ɗaya Ban Ɗauki Wayar Auta Ba

Shekara uku ke nan bayan an rufe Harami saboda annoba, ba mu daɗe da tasowa daga unguwar Tandabawi zuwa ta Ka'akiyya a nan Makka ba, kuma ba a kai ga yi mini aikin ido na biyu ba. A shekarar ne autata ta bi mijinta Ingila, bayan ƙaramar sallah. Ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi. Ni da na haife ta ina nan da gwiwa mai ciwo, ita tana can tana ba iyayen wasu abinci a baki. To, aure ne ya kai ta.

Abu ɗaya muka ƙulla da ita. A wurin aikin nasu waya a kulle take a akwati, sai lokacin hutu, kuma hutun nata yana faɗowa daidai bayan azahar ɗinmu. To kullum in na sallame, na ci ɗan abin da zan ci, sai in zauna da wayar a cinya. Ƙarfe ɗaya za ta yi ƙara. Minti goma muke yi, ita da Larabcinta, ni da Hausata, mu haɗu a tsakiya. Daga nan in kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, in kwanta har kiran la'asar. Wanda ya san zafin Makka ya san barcin nan ba lalaci ba ne. Tun ina yarinya nake yin sa, kuma ranar da na rasa shi kaina kamar an ɗora masa turmi.

Wata shida muna haka, ko sau ɗaya ba ta saɓa ba a ranar aiki.

Ran wata Litinin, zafi ya fara sauƙi, na zauna ƙarfe ɗaya, shiru. Ɗaya da rabi, shiru. Na kwanta da zullumi, barci ya fara ɗaukata ke nan sai ga ƙara.

"Ummi, ya jiki?"

"Jiki yana nan inda kika bar shi. Sai yanzu aka tuna da mu?"

"Wallahi lokacina ne, ban makara ba. Jiya suka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Duk ƙasar."

"Su wa?"

"Gwamnati, Ummi. Duk shigowar sanyi haka suke yi."

Na ce to. Amma raina ya ɓaci, kuma ba makarar ce ta ɓata shi ba. Ni ban shiga aji ba, ban san alif na boko ba, amma na yi shekara arba'in ina sayar da waina ga alhazai na kowace ƙasa, babu wanda ya taɓa yi mini wayo. Yau 'yar cikina ce za ta ce mini ƙasa guda ta tashi ta murɗa agogo? Na ce a raina ta sami ƙawaye, da su take fara cin hutun, ragowar ta ba ni, sannan ta haɗa mini irin labarin da ake haɗa wa tsohuwar da ba ta yi karatu ba.

Washegari ƙarfe biyu wayar ta yi ƙara, ina kwance ido biyu, ban ɗauka ba. Rana ta biyu ma haka. Yayanta da nake zaune a gidansa ya dawo daga aiki ya ce, "Hajiya, yarinyar nan ta ce ba kya ɗaukar wayarta." Na ce barci nake. Ya ce ai maganar agogon gaskiya ce. Na ce dama bakinku ɗaya tun kuna yara. Ƙarya nake game da barcin, don barci ya ƙaurace mini. Kafin biyu ina jiran ƙarar, bayan biyu ina jin haushin kaina. La'asar ta same ni da ciwon kai, isha ina gyangyaɗi a kan sallaya.

Rana ta goma, ƙarfe biyu ta wuce, wayar ba ta yi ƙara ba. Rana ta goma sha ɗaya ma haka.

Da yammacin ranar na ce wa maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Damagaram da muka taso tare tun Tandabawi, ta raka ni kantin magani. Mai kantin Bamasare ne. Yana ƙulla mini maganin hawan jini na ce, kamar da wasa, "Likita, wai akwai ƙasar da ake mayar da agogo baya?"

Ya yi dariya. "Ya Hajja, mu ma a Masar mako biyu ke nan da muka mayar. Uwata kullum sai ta zage ni, wai na canja mata lokacin kira."

Muna fita maƙwabciyata ta tsaya a bakin titi ta riƙe ƙugu.

"Au, wannan ne ciwon naki? Ke tsohuwar banza! Ba babanku ne ke hawa kujera duk magariba yana mayar da agogon bango sha biyu ba? Kin manta lokacin da isha take ƙarfe ɗaya da rabi a garin nan?"

"Wancan ai faɗuwar rana muke bi."

"To su sau biyu a shekara, mu kullum. Wa ya fi wani murɗawa?"

Ban manta ba. A Makkar da na buɗi ido a cikinta, faɗuwar rana ita ce sha biyu, rani da sanyi, kowane mai agogo sai ya gyara nasa da kiran magariba. Har aka daina, babanmu bai daina ba. Ban dai taɓa haɗa wancan da wannan ba.

Washegari bayan azahar ban shiga ɗaki ba, don na san in na ga katifa an gama. Na zauna a kujerar roba a kicin, na fasa goro, ina kallon agogo. Dogon hannu yana hawa sha biyu, ƙarfe biyu daidai, na danna hotonta da ke kan wayar. Tun tafiyarta ban taɓa kiranta da kaina ba. Ta yi ƙara har na fid da rai, sannan aka ɗauka. Ba ta yi sallama ba, numfashinta kawai nake ji.

Na ce, "Kin ci abinci?"

"Kwana goma sha ɗaya, Ummi."

"Na ce kin ci abinci?"

"Nan ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. In fita cikin duhu, in dawo cikin duhu. Minti goman nan su ne ranata, kika hana ni." Sai kuka.

Na bar ta ta yi. Da ta lafa na ce, "To wannan murɗe-murɗen nasu, yaushe za su gyara?"

"Sai ƙarshen sanyi."

"Allah Ya shirye su. Gobe ƙarfe biyu ina nan."

Tun daga nan barcin ranata ya rabu biyu a shekara. Wata bakwai ina samunsa cikakke. Wata biyar na sanyi kuwa sai ta kira mun gama nake kwanciya, abin da ya rage kafin la'asar bai taka kara ya karya ba, kuma ni ba na barci bayan la'asar. Ciwon kai ina yin sa, ina shan shayi a kai. Ranar da wayar ta riske ni ina gyangyaɗi a kujera, in ta ce, "Ummi, na tashe ki?" sai in ce wane ni, idona biyu.