Suruki a Teburin Ko-ta-kwana

Cikin ranakun da na yi ina jan waya a filin wasa, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da muka kai wasan kwaikwayo wani ƙauye a ƙasar Turba, cikin ƙaramar hukumar Isa. Ku sababbin ma'aikata kuna yi mini dariya idan na tambayi mutum wa yake aure kafin in ba shi kujera a wurin aiki. To yau za ku ji dalili.

Shekarar damina ta yi gardama. An yi shuka ta ƙone, an sake, ta sake ƙonewa. Tafkuna sun ƙafe, rijiya ɗaya ta rage mai ruwa a wannan yanki, kuma a bakinta manoma da makiyaya suka yi rikici har aka ji wa mutane rauni. Bayan an sasanta, hukuma ta turo ƙungiyarmu ta wayar da kai mu yi wasa a kan rabon ruwa, a gaban ɓangarorin biyu, tsakanin magariba da isha'i. Uban ƙasa ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya, kuma a gabana ya faɗe shi.

"Mutanen ga ba su gama hucewa ba," in ji shi. "Kowa da sandarshi za shi zo. In wuta tad ɗauke, kowa za shi zaci an shirya mashi wani abu na. Kada ku bar mu cikin duhu."

Mu uku ne a sashen fitilu. Babbanmu Malam Ummaru, Bagobirin Sabon Birni, wanda ya fara haska dandamali tun ana yi da fitilar gas. Mataimakinsa Sanusi, magidanci mai 'ya'ya, mai sanyin hali, kuma mijin 'yar Malam Ummaru. Sai ni Rashidi, mai haɗa na'urori. Ni Bayarabe ne haifaffen Sakkwato, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Bayarabe da Bagobiri. Tun ranar da na kama aiki Malam yake kirana bawansa, ni ma nake kiransa bawana, ba wanda ya taɓa jin haushi.

Bari in yi bayanin kayan saboda waɗanda ba su san aikin ba. Na'urar da ake sarrafa fitilun dandamali da ita, mu tebur muke ce mata. A cikinta ake ajiye duk sauye-sauyen hasken wasa a jere, mai aiki yana danna maɓalli ɗaya, haske yana wucewa daga wannan yanayi zuwa na gaba. Idan wasa mai muhimmanci ne, ana kafa tebur biyu: babba, da na ko-ta-kwana. Ana haɗa su da wayar sadarwa ta cikin wani ɗan akwati, daga akwatin kuma umarni yake tafiya ga fitilu. Duk abin da babban ya yi, na ko-ta-kwana yana biye da shi a ɓoye, ba ya taɓa fitila ko ɗaya. Idan babban ya mutu gaba ɗaya, ɗayan yana karɓa da kansa. Amma akwai mutuwar da ba mutuwa ba: tebur ya sandare, allonsa a kunne, yana amsa sallamar ɗan'uwansa ta waya, amma ba ya aikin komai. A nan na'ura ba ta gane an shiga matsala. Dole mutumin da ke kan na ko-ta-kwana ya sanar, ya danna maɓallin karɓa da hannunsa.

Da hantsi muka fara. Na sa babban tebur a tsakiyar fili yana shan wuta daga janareto, na kai na ko-ta-kwana can gefe, gindin wata bishiyar bedi, yana sha daga batir da sola ta cika, don kada abin da ya ci ɗaya ya ci ɗayan. Wayar da ke tsakaninsu sai da muka yi mata ɗan rami muka binne, domin filin hanyar jakuna ce masu ɗauko jarkoki daga rijiya, kuma ƙasar ta yi tauri har sai da muka aro diga. Fitilun da ke haska 'yan kallo su ma na sa su ƙarƙashin ikon tebur, kamar yadda Malam ya nema. Ni kuma na zaɓi zama bayan dandamali kusa da akwatin haɗi. Kowannenmu da oba-oba a hannu, duk a layi ɗaya, abin da ɗaya ya faɗa sauran biyu suna ji.

Bayan azahar na ce a gwada karɓa. Malam ya tafi gaida uban ƙasa, sai na zauna a kujerarsa. Na ɗaga hannu daga tebur kamar ya sandare. Nan take muryar Sanusi ta fito tsaf: "Babban tebur, ɗauke hannu, na karɓa." Ya danna, fitilu suka bi shi. Muka maimaita har na gamsu. Na ce a raina aiki ya yi kyau, na je na nemi fura.

Akwai abin da na sani game da mutanen nan biyu, amma ban taɓa kawo shi cikin lissafin aiki ba. Sanusi ba ya cin abinci a gaban Malam. Ba ya faɗin sunansa, har ɗansa da aka sa wa Ummaru, Abba yake kiransa. In zai gaishe shi, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Malam shi ma ba ya yi masa magana kai tsaye sai dole, yakan juyo gare ni ya ce, "Bawana, a ce a miƙo waya." A wurin aiki wannan bai taɓa hana komai ba, domin Sanusi yana gane abin da Malam yake so tun kafin ya buɗe baki.

Aka yi sallar magariba, fili ya cika. Manoma a dama, makiyaya a hagu, mata da yara a baya, uban ƙasa da arɗo a gaba kan kujeru. Iska ko kaɗan babu, zafin da ƙasa ta sha da rana yana ta tasowa. Wasa ya kama, ana dariya daga ɓangarorin biyu, wanda shi ne abin da ake nema.

A tsakiyar wasan akwai wurin da manomi da makiyayi suke haɗuwa a bakin rijiya kafin asuba, kowa ya zo satar ruwa, ba su ga juna ba. Malam ya tsara haske ya yi ƙasa sosai, har na 'yan kallo, ya rage ɗan shuɗi-shuɗi, na ɗan lokacin da mutum zai ja numfashi biyu, sannan gari ya waye su ga juna. Tun a Isa na ce masa wannan duhun bai dace da sharaɗin uban ƙasa ba. Ya ce Bayarabe bai san wasa ba, barkono ya sani.

Haske ya sauka. Gari bai waye ba.

Na leƙa daga bayan dandamali. Ina hango fuskar Malam a hasken allonsa, yana danna maɓalli, yana sake dannawa. Zafi ya sandarar da teburin a daidai inda haske ya fi ƙasa. A kan akwatin haɗi 'yan fitilun duka kore ne, wato a wurin na'ura lafiya lau. Na jira muryar Sanusi. Shiru.

'Yan wasa biyu suna tsaye a bakin rijiyar kwali, sun ƙare maganarsu, sun fara ƙirƙiro wata. Guna-guni ya tashi. Wani yaro ya fasa kuka a baya. Daga hagu na ji ƙarar sanduna suna gogar juna, mutane suna miƙewa, daga dama wani ya ɗaga murya yana tambayar wa ya kashe wuta. Wallahi na san da mutum ɗaya zai ruga, shi ke nan.

Na danna oba-oba. "Sanusi, karɓa!"

Muryarsa ta zo ƙasa-ƙasa. "Baba na bisa aiki."

"Teburinsa ya mutu!"

"Bai ce ba tukuna."

Can gindin bedi ina hango shi, yatsansa a kan maɓallin, idonsa a kan surukinsa. Malam kuwa yana jin mu sarai, amma ya duƙufa yana neman tada teburinsa, ba zai buɗe baki ya nemi agajin mijin 'yarsa a gaban jama'a ba. Tsakanina da kowannensu akwai taron mutane a tsaye cikin duhu, ba hanyar gudu in je in danna da kaina.

Abin da ya rage mini shi ne bakina, sai na sake shi. "Kai bawana! Bagobirin banza, ɗauke hannunka daga kayan mutane! Jakinka ya mutu kana ta dukansa. Ka ce a karɓa ko in zo in sayar da kai a kasuwar Isa!"

Duk duniya ba wanda ya isa ya faɗa wa Malam Ummaru haka sai Bayarabe. Na ji ya ja numfashi, har da 'yar dariya a ciki.

"Bayarabe," ya ce, "hwaɗa mashi shi karɓa."

Mu uku a layi ɗaya, Sanusi ya ji da kunnensa, amma sai da na maimaita. "Sanusi, an ce ka karɓa."

"To," in ji shi.

Gari ya waye a kan dandamali, fitilun fili suka taso. Manomin wasa da makiyayin wasa suka ga juna, kowa da gugansa a ɓoye a bayansa, suka yi tsalle da ihu. Mutanen da suka miƙe da sanduna suka tsinci kansu a tsaye ana kallonsu, sai dariya ta ɓarke, suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Sanusi ya kai wasan har ƙarshe ba kuskure. Da aka tashi, uban ƙasa ya ce mana duhun nan ya ɗan yi tsawo. Malam ya ce a gafarce mu.

Muna naɗe waya na tsare Sanusi, raina a ɓace. Na ce da an zubar da jini fa? Bai yi musu ba, idonsa ya kawo ruwa.

"Na sani, Malam Rashidi. Hannuna na bisa abin. Amma Baba na tsaye yana hwama, ni in ce mashi ɗauke hannu? Bakina ya ƙi."

Washegari muka wuce wajen Kurawa, ƙasar Sabon Birni, inda za mu maimaita wasan. Na buɗe babban tebur na share ƙura, na samo masa fanka da rumfa. Ina cikin tunanin yadda zan raba surukan nan biyu ba tare da na ci wa ɗaya fuska ba, sai na ga Malam ya ɗauki kujerarsa ta ƙarfe, wadda ba mai zama a kanta sai shi, ya ratsa fili da ita ya ajiye a gaban teburin ko-ta-kwana.

Na ce, "Bawana, ka ɓata hanya ne?"

"Kai ab ba ka san hanya ba," ya ce. "Kun aje mai kunya inda aka son marar kunya. Shi ba shi iya amshe min aiki, ko gobara aka yi. Ni kau in nashi yas sandare, ba ni tambayar kowa, amshewa za ni yi. Hwaɗa mashi shi hau babban tebur."

Sanusi yana nan tsaye, bai fi taku kaɗan ba. Na juya na faɗa masa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba.

Ku da ba ku san Malam ba, ba za ku gane abin da ya bayar ba. Mutum ne da ba ya iya kallon haske a hannun wani bai gyara ba. Mai ko-ta-kwana kuwa aikinsa zama ne, yana kallon wani yana yin abin da ya fi shi iyawa. Na ji tausayinsa ranar, na kuma ga girmansa fiye da kullum, ko da yake ban faɗa masa ba, kada Bagobiri ya samu abin fahariya.

Abin da na koya ke nan. Waya tana haɗa tebur da tebur, kuma wannan shi ne mai sauƙin aikin. Kafin ka ce ka kafa ko-ta-kwana, duba mutanen da za su zauna, ka tambayi kanka ko na bayan zai iya ce wa na gaban ɗauke hannu. In ba zai iya ba, tebur ɗaya gare ka. Kuma in za ka gwada, gwada da masu kujerun na gaskiya.

Mun gama zagayen wannan shekara, daga ƙauyukan Isa har bakin iyaka, babban tebur bai sake sandarewa ba. Har Malam ya yi ritaya bai taɓa danna maɓallin nan ba. Amma duk wasan da muka yi, in na leƙo daga bayan dandamali, ina ganinsa a gefe, bakinsa yana motsi yana bin sauye-sauyen haske, yatsansa a kan maɓallin, yana gadin mijin 'yarsa.