Kwalin Gwaggo Gudau

Ofishin da ake haɗa ƙamus na Turanci da Sifaniyanci ɗaki ne mai taga ɗaya, ita ma tagar bangon maƙwabta take kallo. A nan wata ma'aikaciya take zama, tsakanin fanka mai kuka da tarin kwalaye. Abokan aiki suna ce mata Gwaggo Gudau, alhali matar nan ko matakala sai ta huta a tsakiya. Kalmarta ce ta ja mata sunan.

Ofishin yana da al'ada: wanda ya ɗauki kalma shi zai kai ta ƙarshe. Ba a gadon kalmar wani, ba a kuma tafiya hutu a bar kalma a buɗe. Kowace ma'ana da katinta, a jera a kwalin takalmi. Wasu sun yi sa'a, kalmominsu masu kunya ne, kati biyu an rufe kwali. Ita kuwa Allah ya haɗa ta da "run".

Da farko dariya ta yi. Ai gudu ne, da Sifaniyanci "correr", shi ke nan. Ashe inji in yana aiki Bature "run" zai ce, mai Sifaniyanci ya ce "funcionar". Mai tafiyar da kamfani kuma "dirigir". Hancin yaro mai mura ma, da yake zubarsa "run" ce a wajen Bature, sai da ya karɓi nasa katin. Kwali ya cika, aka kawo wani.

Ana cikin haka ƙanwarta ta kira daga garinsu.

"Yaya, Inna ta fara mantuwa. Jiya ta tambaye ni 'yar wa ce ni. Ki zo tun tana gane ki."

Gwaggo ta nufi teburin babban edita.

"Ranka ya daɗe, uwata ce ba lafiya."

"Allah ya sawwaƙe. Rufe kwalinki ki tafi, wa ya riƙe ki?"

"Ba ya rufuwa."

"To, ni na buɗe shi?"

Gaskiyar magana, da ta ɗaure kwalin ta ce ta gama, ba mai ganewa. Maƙwabcin teburinta har raɗa mata ya yi: "Gwaggo, ɗaure abin nan! Wa zai ƙirga?" Amma hannunta ya ƙi. Duk safiyar da ta ɗauko igiya, sai wata ma'ana ta leƙo daga jaridar da take dubawa, ta ce bari dai ta ƙara wannan kawai. Ƙanwa ta kira har ta gaji, ta koma turo gaisuwa a taƙaice.

Ranar da ta tafi ma ba rufe kalmar ta yi ba. Rungumar kwalin ta yi ta fita, edita yana ƙwala mata kira.

Ta tarar da Inna a bakin gado, an rame, ana shafa gefen bargo. Ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwa ta amsa da fara'a irin ta karɓar baƙi, sannan ta dubi kwalin.

"Baiwar Allah, takalma kike sayarwa?"

"A'a, Inna. Katunan aiki ne."

"Ayyo. 'Yata ma irin aikinta ke nan. Wata kalma aka ba ta, da ta gama za ta zo." Ta matsa gefe, ta buga katifa. "Zauna mu jira ta tare."

Gwaggo ta zauna, kwalin a cinyarta.